Wa Zai Biya Idan Kayan Masana'anta Suka Ta Da Gobara? Tarihin Lamuni da Kariya Daga Kotun Alƙali Zuwa Treichville

1.0 Gabatarwa

Gobara tsohuwar masifa ce a ƙasar Hausa, kuma harshe ya adana shaidar haka. Bahaushe kan ce gobara daga kogi maganinta Allah, ya kuma ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A zamanin ɗakunan ciyawa da dangar kara, mafarin wuta sananne ne: murhu, ko aci-balbal, ko toka mai sauran garwashi da aka zubar bayan ɗaki, ko ƙunar daji lokacin hunturu. Idan aka je gaban alƙali, tambayar da ake yi a kan mutum take: wa ya hura wutar, kuma ya kula da ita ko ya yi sakaci?

Ƙarni na 20 ya sauya wannan tambaya. Fitilar ƙwai da risho da firjin kananzir da wayar lantarki da tukunyar gas sun shigo gidaje, alhali wanda ya ƙera su yana wata ƙasa mai nisa, bai san mai gidan ba, mai gidan ma bai san shi ba. Idan irin waɗannan kaya suka kama da wuta, mutum uku ne ke iya shiga zargi: wanda ya ƙera, da wanda ya sayar, da wanda ya yi amfani da su. Na farko da na biyu kuwa kusan kullum kariyarsu ɗaya ce, wato kayan lafiya lau suke, mai su ne bai yi amfani da su yadda ya kamata ba.

Wannan maƙala ta bi tarihin wannan jayayya a tsare-tsaren shari'a guda uku da Bahaushe ke rayuwa a ƙarƙashinsu: fiƙihun Malikiyya, da dokar Faransa wadda Kwaddibuwa da Nijar suka gada, da dokar Ingila wadda Nijeriya ta gada. An ɗauki unguwannin Treichville da Adjamé na birnin Abijan a matsayin dandali, domin a can Bahaushe ɗan haya ne, mai saye ne, sannan kuma mai sayarwa ne. Ke nan yana iya zama mai ƙara yau, gobe ya zama wanda ake ƙara.

2.0 Treichville da Adjamé

A shekarar 1934 Faransawa suka mayar da hedikwatar mulkinsu daga Bingerville zuwa Abijan. Turawa suka zauna a unguwar Plateau, aka bar wa 'yan Afirka Adjamé daga arewa, da kuma Treichville daga kudu, a hayin tafkin Ébrié. Sunan Treichville ya samo asali ne daga Marcel Treich-Laplène, ɗaya daga cikin Faransawan da suka share fagen mulkin mallaka a ƙasar. Bayan an haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka fara shigowa, tashar jiragen ta bunƙasa, 'yan ci-rani kuma suka yi ta kwararowa daga Mali da Burkina Faso da Nijar da Nijeriya. Fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1958 a kan matasan Nijar masu aikin dako, wanda Oumarou Ganda ya fito a cikinsa, a Treichville aka ɗauke shi. Har yau akwai tambarin Hausawa a abincin birnin: garba, wato dambun rogo da soyayyen kifin tuna, ya sami sunansa ne daga sunan nan na Hausa, saboda 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi.

Tsarin gidajen waɗannan unguwanni yana da muhimmanci ga batunmu. Galibi gidajen haya ne masu tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere ƙarƙashin rufin kwano guda, iyalai da dama suna girki a fili ɗaya. Wutar da ta tashi a ɗaki ɗaya takan bi ta ƙarƙashin rufi ta shiga na kusa kafin a ankara. Kasuwanni ma ba su tsira ba, domin babbar kasuwar Treichville ta ƙone a shekarar 1997, sai daga baya aka sake gina ta.

Bugu da ƙari, gwamnatin ƙasar ta daɗe tana tallafa wa farashin iskar gas ta girki domin rage sare itatuwa. Tukwane biyu suka fi yawa a gidaje, mai kilo 6 da mai kilo 12.5. Arahar gas ɗin ta haifar da wasu ɗabi'u biyu da hukuma ta haramta amma ba su gushe ba: juye gas daga wata tukunya zuwa wata a ɓoye, da kuma sanya tukunyar girki a motocin tasi a maimakon man fetur. Duka biyun misalai ne na abin da lauyoyi ke kira amfani da kaya ba bisa ƙa'ida ba.

3.0 Lamuni a Fiƙihun Malikiyya

Kafin zuwan Turawa, alƙalan ƙasar Hausa suna hukunci ne da littattafan Malikiyya, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14. Kalmar da malaman zaure suke fassara wannan babi da ita ita ce lamuni, wato wajabcin biyan abin da ya salwanta. Malamai sun bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta kawai. Shi na biyun ba ya lamunta sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci.

Akwai hukunce-hukunce huɗu da suka shafi batunmu kai tsaye. Na farko a kan wuta ne. Muhtasar ya lissafa wanda ya hura wuta a ranar da ake iska mai ƙarfi cikin waɗanda za su biya abin da wutar ta cinye. Abin da ake fahimta daga nan shi ne, wanda ya hura wuta yadda aka saba, a lokacin da ba a tsammanin za ta bazu, sannan iska ta taso ba zato, babu lamuni a kansa. Ma'aunin ke nan shi ne abin da mai hankali zai iya hangowa.

Na biyu a kan masu sana'a ne. Malikiyya sun ɗora wa maɗinki da marini da maƙeri lamunin kayan jama'a da suka karɓa suka tafi da su, sai fa idan sun kawo shaidu cewa kayan sun halaka ba da sakacinsu ba. Dalilin malamai shi ne maslahar jama'a: mai kaya ba ya wurin lokacin da abin ya faru, saboda haka nauyin kawo hujja ya koma kan wanda ke wurin. Na uku a kan aibi ne. An hana algus da ɓoye aibin haja, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kayan idan ya gano tsohon aibi. Idan mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, sannan kayan suka halaka ta dalilin wannan aibin, asarar tasa ce. Na huɗu kuwa a kan mai haya ne: wanda ya yi hayar dabba ya ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, ko ya wuce zangon da aka yi sharaɗi, shi zai biya idan ta mutu. Wannan shi ne kakan kariyar nan ta cewa mai amfani ne ya wuce gona da iri.

Sai dai duk waɗannan hukunce-hukunce an gina su ne a kan mutanen da suka yi hulɗa ido da ido. Ba a rubuta su domin masana'antar da ke bayan teku ba, wadda dillalai uku ko huɗu suka shiga tsakaninta da mai saye.

4.0 Gadon Dokar Faransa

Lokacin da Kwaddibuwa ta sami 'yancin kai a 1960, ta ci gaba da aiki da kundin dokokin farar hula na Faransa na 1804 a kan sha'anin yarjejeniya da diyya. Haka ma Nijar. Sashe na 1382 na kundin ya ce wanda laifinsa ya jawo wa wani asara shi zai biya. Sashe na 1384 kuma ya ƙara da cewa mutum yana da alhakin ɓarnar da abubuwan da ke ƙarƙashin kulawarsa suka yi. Kusan shekaru 90 ana ɗaukar wannan jumla a matsayin shimfiɗa kawai, har sai da injinan tururi suka fara kashe ma'aikata.

A ranar 16 ga Yuni 1896, kotun ƙolin Faransa ta yanke hukunci a shari'ar Teffaine. Tukunyar injin wani jirgin ruwa ta fashe saboda aibin walda, ta kashe makaniken jirgin. Kotun ta ce mai jirgin zai biya matar mamacin diyya ko da bai san da aibin ba, tun da injin yana ƙarƙashin kulawarsa. A ranar 13 ga Fabrairu 1930, a shari'ar Jand'heur, inda wata babbar mota ta buge wata yarinya, kotun ta tabbatar da ƙa'idar baki ɗaya: mai kula da abu ba zai kuɓuta da cewa bai yi laifi ba, sai ya nuna wani dalili na waje da ba a iya hangowa ko karewa.

Gobara ce kaɗai ta sami togaciya, kuma labarin yadda aka yi yana da darasi. A 1906 wuta ta tashi a wata tashar jirgin ƙasa a Bordeaux inda aka jibge gangunan ƙaro, ta bazu ta ƙone dukiyar maƙwabta. A watan Nuwamba na 1920 kotun ƙoli ta ce kamfanin jirgin zai biya, ba tare da an tabbatar da laifinsa ba. Kamfanonin inshora suka ga cewa idan wannan hukunci ya ɗore, kowace gobara za ta zama bashin unguwa guda a kansu. Suka matsa wa majalisa, aka kafa dokar 7 ga Nuwamba 1922, wadda ta ƙara sakin layi a sashe na 1384: wanda gobara ta tashi a gidansa ko a cikin kayansa ba zai biya maƙwabta ba sai an tabbatar da laifinsa. Ingila ta riga ta yi irin wannan doka tun 1774, inda aka hana ƙarar mutumin da wuta ta tashi a gidansa bisa tsautsayi.

Ɗan haya kuwa bai sami wannan sassauci a gaban mai gida ba. Sashe na 1733 ya ɗora masa alhakin gobarar da ta tashi a wurin da yake haya, sai idan ya tabbatar da cewa wani al'amari ne da ya fi ƙarfinsa, ko aibin gini, ko kuma wutar ta ƙetaro ne daga gidan maƙwabci. Ke nan idan tukunyar gas ta ta da wuta a ɗakin wani ɗan haya a Adjamé, maƙwabtansa sai sun tabbatar da sakacinsa kafin su sami diyya, amma a gaban mai gidan shi ne zai wanke kansa.

To, ina wanda ya ƙera tukunyar? Hanyoyi biyu ne suka kai gare shi. Ta farko ita ce sassa na 1641 zuwa 1648 a kan ɓoyayyen aibi. Mai sayarwa da ya san aibin zai mayar da kuɗi ya kuma biya dukkan asara, kotunan Faransa kuwa suka riƙa ɗaukar duk wanda sayar da irin kayan sana'arsa ce tamkar ya san aibinsu. Ta biyu ta fito ne daga hukuncin 5 ga Janairu 1956, a kan wasu tukwanen iskar oksijin da suka fashe lokacin da ake sauke su. Daga wannan shari'a aka bambanta kulawa iri biyu: kula da yadda ake sarrafa abu, wadda ke hannun mai riƙe da shi, da kula da abin da ke cikinsa da yadda aka haɗa shi, wadda za ta iya zama a wuyan wanda ya ƙera ko ya cika shi. Wannan rabe-rabe shi ne ginshiƙin duk wata jayayya a kan tukunyar gas, domin kowane ɓangare yana ƙoƙarin tura sanadin wutar zuwa kulawar ɗayan.

Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar alhakin mai ƙera kaya masu aibi a ranar 25 ga Yuli 1985, Faransa ta shigar da ita cikin kundinta a 1998. Wannan gyara bai shafi Kwaddibuwa ba, tun da ya zo bayan 'yancin kai. Ita Kwaddibuwa ta kafa tata dokar kare masu saye a watan Yuni na 2016, wadda ta yi magana a kan bayyana wa mai saye halin kaya da kuma tabbatar da amincinsu.

5.0 Dokar Ingila da Shari'ar Firjin Kananzir

A Ingila, shari'ar Winterbottom da Wright ta 1842 ta kafa katanga: wanda bai ƙulla ciniki da kai ba, ba zai yi ƙararka a kan aibin abin da ka ƙera ba. Amurka ta fara rusa katangar a 1916, a shari'ar MacPherson da kamfanin motoci na Buick. A Birtaniya kuwa sai a ranar 26 ga Mayu 1932, a shari'ar Donoghue da Stevenson. Wata mata ce ta sha lemon citta a garin Paisley, ta ce ta ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a cikin kwalbar, kuma ba ita ta saya ba, saya mata aka yi. Alƙali Atkin da rinjayen abokan aikinsa suka ce wanda ya ƙera kaya domin su isa hannun mai amfani ba tare da an sake duba su a hanya ba, wajibi ne ya kula da lafiyar wannan mai amfani. A 1963 kotun ƙolin California, a shari'ar Greenman, ta ƙara gaba ta ce ba ma sai an tabbatar da sakaci ba, aibin kayan ya isa.

Nijeriya ta gaji hukuncin 1932 tare da dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893. Da farko kamfanoni sun sami kariya mai ƙarfi. A shari'ar Boardman da kamfanin Guinness ta 1980, kamfanin ya kawo shaidar cewa tsarin aikinsa yana da tsauri ta yadda ƙazanta ba za ta shiga kwalba ba, mai ƙara kuma ya faɗi. Sai a 2008, a shari'ar Okwejiminor da Gbakeji, inda aka sami kyankyaso a kwalbar Fanta, kotun ƙoli ta ƙi yarda irin wannan shaida ta rinjayi abin da mai ƙara ya tabbatar ya same shi.

Shari'ar da ta fi dacewa da batun gobara ita ce ta Nigerian Bottling Company da Ngonadi. A shekarar 1975, wata 'yar kasuwa mai sayar da abin sha a yankin da daga baya aka kira Jihar Bendel ta sayi firji mai aiki da kananzir, samfurin Evercold, daga hannun kamfanin. Kwanaki kaɗan da kawo shi ya kama da wuta. Ta kai ƙorafi, kamfanin ya turo aka gyara. Bayan wasu watanni firjin ya fashe, ta sami munanan ƙuna. Da aka je kotu, babbar kariyar kamfanin ita ce ba shi ya ƙera firjin ba, dillancinsa kawai yake yi. Babbar kotu ta ba matar gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, a 1985 kuma kotun ƙoli ta rufe maganar, inda Mai Shari'a Chukwudifu Oputa ya rubuta babban hukuncin.

Abubuwa uku ne suka kayar da kamfanin. Matar ta bayyana abin da take son firjin ya yi mata, ta kuma dogara da sanin mai sayarwa, saboda haka doka ta ɗauka akwai sharaɗin cewa kayan sun dace da wannan aiki. Wutar farko ta zama sanarwa, domin daga ranar kamfanin ba zai ce bai san da matsala ba. Sannan kotu ta ce wanda aka cuta yana da damar ya kama mai sayarwa, ba dole sai ya nemo masana'anta ba. Wannan batu na uku ya shafi kowane ɗan kasuwa da ke shigo da risho ko soket ko tukunyar gas, a kasuwar Sabon Gari ta Kano yake ko a Adjamé, domin idan masana'anta ta yi nisa, shi ne na kusa.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019, ta ƙara nauyin. Sashe na 136 ya ɗora alhakin ɓarnar kaya masu aibi a kan wanda ya samar da su, ko da wanda ya cutu ba a hannunsa ya saya ba. Sashe na 145 kuma ya ce idan aka yi zargin kaya suna da aibi, wanda ya samar da su ne zai tabbatar da cewa ba su da shi. Mai karatu zai ga kamancin wannan da hukuncin Malikiyya a kan masu sana'a.

6.0 Matakan Kariya a Shari'ar Gobara

Duk da wannan sauyi, shari'ar gobara ta fi sauran wuya ga mai ƙara, saboda wuta tana cinye shaidar kanta. Kwalbar lemo mai kyankyaso ana iya ajiye ta gaban alƙali. Firjin da ya ƙone kuwa saura ƙarfe da toka. Daga nan ne lauyan wanda ake ƙara yake gina kariyarsa mataki-mataki.

Mataki na farko shi ne mafarin wuta da sanadinta. Samun ƙonannen risho a ɗakin da ya ƙone bai nuna shi ya ta da wutar ba, domin mai yiwuwa wutar ce ta same shi. Haka wayar lantarki da ta narke ta yi dunƙule: tartsatsin da ya ta da gobara yana barin irin wannan alama, gobarar da ta cinye rigar waya mai wuta a jiki ita ma tana barinta. Idan zafi ya taru a rufaffen ɗaki har komai ya kama lokaci guda, alamomin ƙuna sukan rikice. Saboda haka ƙungiyar kare gobara ta Amurka ta fitar da jagoran bincike mai lamba 921 a 1992, wanda ya wajabta bin hanyar kimiyya, ya kuma rushe wasu tsofaffin zace-zace na masu bincike. A nan ne al'adarmu ta gaggauta share wurin gobara da sayar da ƙonannun ƙarafa ga 'yan gwangwan take cutar da mai ƙara, domin ya zubar da hujjarsa da hannunsa.

Mataki na biyu shi ne tantance kayan. Kamfani kan ce wannan jabu ne, ba nasa ba. A kasuwannin da kwaikwayon tambari ya yi yawa, wannan kariya tana da ƙarfi, kuma wanda ba ya karɓar rasit yakan rasa abin da zai mayar da martani da shi. Hukumar SON da aka kafa a Nijeriya a 1971, da takwararta CODINORM ta Kwaddibuwa, aikinsu ya haɗa da fitar da ma'aunin da ake gwada kaya da shi.

Mataki na uku shi ne nuna cewa an sauya kayan bayan sun bar masana'anta. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, shi kuwa fetur yana fitarwa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Idan aka gauraya fetur kaɗan a cikin kananzir, tankin fitila ko na risho yakan cika da tururi mai jiran ashana. Abin da ya faru ke nan a 2001, lokacin da gurɓataccen kananzir ya ƙona mutane da dama a Jihar Edo da Legas. A irin wannan hali mai ƙera fitila ya fita, alhakin ya koma kan wanda ya gurɓata man. Haka tukunyar gas da aka cika a bayan fage fiye da kima, ba a bar wa iskar wurin buɗawa ba idan rana ta yi zafi.

Mataki na huɗu shi ne zargin mai amfani da kansa: ya zuba wa fitila mai tana ci, ko ya bar hita a bokitin roba da aka ɗauke wuta ya manta har aka dawo da ita, ko ya jona kaya masu jan wuta da yawa a soket ɗaya, ko ya bar tsohon tiyon gas ya tsattsage. Iskar gas ta girki ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasa, shi ya sa ake sanya mata wari domin a ji yoyonta. Wanda ya ji warin ya ƙyasta ashana ya ba lauyan kamfani abin faɗa. Amma kotuna sun bambanta kuskure iri biyu. Akwai wanda mai ƙera kaya ba zai taɓa tsammani ba, kamar ɗaura tukunyar girki a bayan tasi, wannan yana wanke shi. Akwai kuma wanda kowa ya san mutane suna yi, kamar barin hita a kunne a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Irin wannan ba ya wanke shi gaba ɗaya, domin ana sa ran ya tsara kayan da kariya ko ya yi gargaɗi bayyananne. Idan laifin ya rabu biyu, ana raba diyya gwargwadon rabon kowa. Ingila ta kafa wannan a dokar 1945, kotunan tsarin Faransa ma suna rage diyya saboda laifin wanda ya cutu.

Maganar gargaɗi kuwa magana ce ta harshe. Kamfani yakan nuna takardar da ke cikin kwali ya ce ya yi gargaɗi. Tambayar da ta rage ita ce, gargaɗin da aka rubuta da Turanci ko Faransanci ko Sinanci, da ƙananan haruffa, ya isar ga matar da ke girki a tsakar gidan haya a Treichville, wadda Hausa da Jula take ji? Ƙa'idar Turai ta 1985 ta ce ana auna aibin kaya ne da la'akari da yadda aka gabatar da su da kuma amfanin da ake sa ran za a yi da su. Wanda ya kawo hajarsa kasuwar da ya san harshen masu sayenta, da wuya ya ce bai hango wannan giɓi ba.

7.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna cewa tsare-tsaren uku sun haɗu a kan tambayoyi biyu: wa ya fi kusa da sanin haɗarin, kuma me mai hankali zai iya hangowa? Daga 1896 zuwa 2019 nauyin kawo hujja ya yi ta matsawa daga kan wanda ya cutu zuwa kan mai ƙerawa da mai sayarwa, amma gobara ta ci gaba da zama fagen da kariya ke da ƙarfi, saboda dokar 1922 da makamantanta, da kuma yadda wuta ke lalata shaida. A Turai da Amurka, kamfanonin inshora ne suke ɗaukar yawancin irin waɗannan ƙararraki bayan sun biya mai gida. A unguwannin da inshorar gida ba ta yaɗu ba, maganar takan tsaya a jaje da gudummawar 'yan'uwa, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Imani da ƙaddara bai hana malaman Malikiyya rubuta babin lamuni ba, saboda haka neman diyya a kan sakaci ba baƙon abu ba ne a al'adar Hausawa.

Ga ɗalibin Hausa, akwai aiki a nan. Kalmomin lamuni da alhaki da diyya da aibi da sakaci da ganganci ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma tafintan kotu da ya musanya sakaci da ganganci ya sauya shari'a. Haka nan fassara gargaɗin da ke jikin tukunyar gas da risho da hita zuwa Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, fage ne da ke jiran masu nazarin fassara da ƙirƙirar kalmomi.